Bututuna da Idon Malam Ilyasu

Ƙarfe takwas da rabi na safe ne, ranar Laraba, a ƙofar gidan Malam Ilyasu da ke ƙauyenmu, gabas da Tsanyawa. Mu huɗu ne. Akwai ni, Haruna mai tabarau. Akwai Malam Ilyasu kansa, marubucin Alƙur'ani, yana zaune a kan buzu, tawada da alƙalami a gefensa. Akwai Sale wanzami, taubashin Malam, wanda ba abin da ya kawo shi sai tsokana. Ta huɗun ba a ganinta sai dai a ji muryarta, wato Inna Kulu matar Malam, tana tsaye daga cikin zaure. Ita ce ta aika a kira ni tun da sassafe.

Rediyo ta yi ta sanarwa cewa da hantsin ranar za a yi kusufi, wata zai gifta tsakaninmu da rana har gari ya yi duhu. Malam kuwa ya ƙudura sai ya kalli abin ta cikin bututun hangen nesa da na haɗa da hannuna. Ga shi ido ɗaya gare shi. Na hagu kara ya tsone shi a gona tun yana saurayi. Da na daman yake rubutu, kuma a lokacin ya kai tsakiyar wani Alƙur'ani da yake rubutawa da ka.

Inna Kulu ta ce daga zaure, "Haruna, ka ji ni da kyau. Idon nan guda ɗaya ne, ba shi da ɗan'uwa. In ya leƙa abin nan naka ya tashi da duhu, kai zan riƙe har gobe ƙiyama."

Malam ya ce, "Ke Kulu, koma ciki. Maganar ilimi ake yi."

Sale ya ce, "Bar ta ta faɗa, Ilu. Ka kai ɗaya gona ka baro shi can, yau kuma za ka kai ɗayan sama."

Zan faɗa muku yadda aka ƙare, amma ni ba na fara aiki daga tsakiya. Ku samarin da ke yawo da farantin tabarau a tasha, kuna cewa sana'ar nan ba komai ba ce, a saro a Kano a sayar a ƙauye, ku zauna ku ji ta tun daga tushe. Abin da ya faru a ƙofar gidan nan ba zai shiga kanku ba sai kun san gilashi.

Aikin farko da maigidana Baba Garba ya ba ni bayan na gama firamare, wani gwangwani ne cike da gilasan tsofaffin tabarau, duk sun rabu da firam ɗinsu, ba lamba a jikin ko ɗaya. Ya ce in jera su daga mai rauni zuwa mai ƙarfi kafin azahar. Na ce, "Baba, da me zan gane?" Ya nuna sama da haɓa, ya ci gaba da cin goronsa. Ga yadda ake yi, ku riƙe. Ka ɗauki gilashi ka tsaya a rana. Ka yi ta ɗaga shi kana saukewa har hasken da ya ratsa shi ya taru wuri ɗaya a ƙasa, ya zama ɗigo. Sai ka auna daga gilashin zuwa ɗigon. In kamu biyu ne, lamba ɗaya ke nan. In kamu ɗaya ne, lamba biyu. In taƙi ɗaya ne, ka kai wajen lamba huɗu, ta waɗanda suka manyanta sosai. Da na gaji da tsayuwa sai na zauna, na riƙa tara ɗigon a kan gwiwata. Ban ankara ba sai ƙauri, wando ya huje, fata ta tashi. Na yi tsalle na zubar da gwangwanin. Baba Garba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "Madalla. Yau ka san abin da kake sayarwa. Gilashi ba ya yin haske, tara shi yake yi. Abin da ya yi wa wandonka shi zai yi wa ido. Tsince su ka sake daga farko."

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da mazauninsa a cikin akwati, kuma ranar da na sa filaya a gurbin sukundireba sai da na kwashe akwatin duka na sake jerawa. Akwai ƙaramin sukundireba mai baki kamar ƙwayar gero. Akwai filaya biyu, mai tsini da mai faɗi, mai faɗin an naɗe bakinta da zare don kada ta ci firam. Akwai dutsen wasa gilashi da ɗan ƙoƙon ruwansa, don gilashi ba ya zuwa daidai da firam sai ka ci gefensa a hankali, kana jiƙawa kana gwadawa. Akwai gwangwanin man zafi da muke zuba ƙananan noti a ciki, da ɗan gilashin nan na masu gyaran agogo da ake maƙalawa a ido don ganinsu. Sai kaskon yashi a kan gawayi. In firam ɗin roba ya karkace, ba a lanƙwasa shi da ƙarfi, a cikin yashi mai zafi ake tusa shi har ya yi laushi. Na ƙarshe shi ne tsumman auduga da aka wanke har ya gaji. Da shi kaɗai ake goge gilashi. Duk wanda na gani yana gogewa da bakin riga, na san bai yi zaman koyo ba.

Wani Alhaji mai sayen wake a Dawanau ya taɓa zuwar mana yana ta faɗa, wai manoma sun lalace, duk buhun da ya saya sai ya tarar ƙwaro ya huda. Baba Garba bai miƙa masa littafi ba. Ya ɗebi wake ya zuba masa a tafin hannu, ya ce ya ware masu huji. Alhaji ya ware biyu ya bar wajen goma. Aka sa masa lamba biyu, ya sake dubawa, sannan ya ce, "Ashe manoman ba su canja ba." Daga nan na koyi cewa kowa da abin da ake gwada shi da shi. Tela allura da zare. Mai abinci tsintar tsakuwa a shinkafa. Malami rubutun hannunsa. Kuma gwajin yana da tsari. Ana yi wa ido ɗaya a rufe ɗaya. Ana farawa daga lamba ta ƙasa a hau sama. Ana riƙe abin a daidai nisan da mutum yake aikinsa, ba a nisan da ya yi maka daɗi ba. Lambar farko da ta wadatar, a nan ake tsayawa, ko da mutum ya ɗauki ta gaba ya ce, "Kai, wannan ta fi girmar da abu." Girman nan ciwon kai ne nan da la'asar. Sannan akwai idon da ba naka ba ne. In ka ga farar yana a ƙwayar ido, ko mutum ya ce yana ganin bakan gizo kewaye da fitila, ko ja ne mai zubar da ruwa, rufe akwatinka ka tura shi asibitin ido a Kano. Na sha ganin ku kuna ɗora wa irin waɗannan tabarau don kawai ya yi musu kyau a fuska.

Tabaran Malam Ilyasu shi ne aiki na farko da na yi ni kaɗai, bayan ƙafa ta hana Baba Garba bin kasuwanni ya bar mini akwatin. Malam a kan gwiwa yake ɗora takarda, don haka a kan gwiwar na gwada shi, da wasulan da yake ɗigawa da jar tawada, don su suka fi ƙanƙanta. Da na zo kan na hagu na rasa yadda zan tambaya. Ya ce, "Wannan sa masa kowane iri, ɗan rakiya ne." Na sa masa farin gilashi marar lamba, na wasa shi da kyau daidai da ɗan'uwansa. Ɗan rakiya ma ba a yi masa aikin banza.

Wata mummunar shekara ta zo mini ta fuska biyu. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika ba, kuma wanda rumbunsa bai kai rabi ba ba ya tunanin tabarau, sai dai ya ƙara miƙa hannu nesa in zai karanta. A shekarar ce kuma tabaran roba suka cika gari, haɗaɗɗu tun daga kamfani, yayyenku suka fara yawo da su a faranti. Sai in hau bas in je Tsanyawa, in je Dawakin Tofa, in baza kaya tun hantsi, in naɗe da yamma ban ɗaure noti ko ɗaya ba. Duk da haka ban fasa zuwa ba, ban kuma fasa goge gilasai kowace safiya ba. Wanda ya daina baza kaya, an manta da gurbinsa.

A wata irin wannan ranar ce a Dawakin Tofa wani malamin kimiyya, Malam Nuhu, ya kawo mini tabaransa hannu ya karye. Ina gyara yana tona gwangwanina. Ya zaro wani babban gilashi zagayayye, lamba ɗaya, wanda ba a taɓa wasawa ba. Ya ɗauki ɗan gilashin agogon nan ma. Ya ce, "Malam Haruna, ajiye wannan tukuna. Riƙe mini babban a nan, ka fuskantar da shi wancan rimin. Kada ka motsa." Ya sa ƙaramin a idonsa, ya yi ta ja da baya har ya tsaya. Sannan muka yi musaya. Sai ga hankaka a kan rimin da ke can bayan gonaki, kamar in miƙa hannu in taɓa shi, amma ƙafafunsa a sama.

Na ce, "Malam, ka kifar da hankaka."

Ya yi dariya ya ce, "Haka yake zuwa, kuma a sama ba wanda ya damu da kife ko daidai. Na gaban yana tara haske, na bayan yana buɗe maka abin da aka tara. Shi ke nan madubin hangen nesa. Ka san rufin kwano mai faɗi ya fi ƙarami saurin cika randa in ana ruwa? To haka haske yake. Waɗanda masana ke duban taurari da su, bakin wasu ya fi rumfar nan faɗi, da madubi mai zurfi kamar kwano maimakon gilashi. Ana kafa su a kan manyan duwatsu, wasu ma an harba su can sama inda ba gajimare. Suna tara hasken da ya baro tauraronsa tun ba a haifi kakan kakanka ba, sai yanzu yake isowa. Amma aikin ɗaya ne da wannan da ke hannunka."

Na ce, "Allahu Akbar," na koma na ƙarasa masa hannun tabarau, don aiki ba ya zama a bari. Da zai tafi ya juyo ya ce, "Abu ɗaya. Ban da rana. In kana son ganinta, juya mata baya, ka bar ta ta ratsa ta sauka a kan farar takarda." Na ce wannan darasin gwiwata ta riga ta haddace rabinsa.

Haɗa bututun ya ci mini sauran ranin. Na samo fayif na famfo mai tsawon kamu biyu, na zaunar da babban gilashin a bakinsa, na samo wani siriri da zai riƙa shiga yana fita a ɗaya bakin, na sa masa gilashin agogo. Gwajin farko komai ya fito da gefe ja da shuɗi, kamar an yi masa ado. Na yanko kwali na huda shi faɗin tsohon kwabo, na rufe gefen babban gilashin na bar tsakiyarsa, launin ya ragu. Saura wani hazo fari-fari, wanda na gano cikin fayif ɗin ne ke ƙyalli. Fenti babu. Na je wurin Malam Ilyasu na roƙi tawada, na shafe takardar buhun siminti da ita, ta bushe, na naɗe na zura a ciki. Hazo ya tafi. Na sari gwafa na kafa, na ɗaure bututun da robar tayar keke yadda zai juya.

Ranar da na fara kafa shi a kasuwar Tsanyawa, wata tsohuwa mai daddawa ta leƙa, ta hango jakinta da ta ɗaure a bakin kasuwa, ta saki salati ta ce in tayar mata da shi tsaye kafin ya mutu. Kafin azahar layi ya kai rumfar mahauta. Ni kuwa duk wanda ya gama kallon jaki a kife, in na ga furfura a gemunsa, sai in miƙa masa allura da zare in ce ya zura mini. Da haka masu gyara da masu gwaji suka dawo. Bututun nan shi ya fitar da ni daga shekarar.

A gida kuma, bayan magariba, a ƙofar Malam Ilyasu muke kafa shi. Ranar da ya fara ganin wata, da ramukan da ke jere a inda haske ya haɗu da duhu, ya daɗe bai ɗago ba. Sale ya ture shi ya leƙa ya ce, "Ashe wata ma zanzana gare shi, ake ta kwatanta amare da shi." Da muka juya kan taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta, Malam ya ƙirga ya sake ƙirgawa, ya ce tun yana yaro shida ko bakwai ya sani, ashe kazar ta yi ta ƙyanƙyasa ba a sani ba. Daga ranar ya ce rabin bututun nasa ne, tunda tawadarsa ce a ciki. Ban musa ba.

To mu koma ƙofar gida, safiyar Laraba.

Ba a ce wa malami a'a kai tsaye, balle wanda ya girme ka, balle mai rabin bututu. Don haka na bi abin daki-daki. Da farko na kafa gwafa na ɗaure bututun. Sannan na karɓi faifai daga zaure na ba Sale, na tsayar da shi a bakin bututun na gaba. Na ce, "Baba Sale, aikinka ɗaya ne yau. Duk kan da ka ga ya sunkuyo bayan bututun nan, rufe bakin da faifai."

Ya ce, "Ko na Ilu ne?"

Na ce, "Ko na waye."

Ya ce, "Shekara nawa ina aske kan nan, na san shi ko daga nesa."

Malam ya zura hannu a aljihu ya fito da baƙaƙen tabarau guda biyu, irin na faranti, ya sayo a tasha. Ya ce, "Kada ka ɗauka ban yi shiri ba. Biyu zan haɗa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni ɗaya in gwada."

Na juya wa rana baya, na riƙa karkata bututun ina kallon inuwarsa a ƙasa, har inuwar ta tsuke ta zama zagaye. Haka ake saita shi, da inuwa, ba da ido ba. Na kara baƙin tabaran a bayan ƙaramin gilashin, daidai inda ido ke zama. Ba a daɗe ba hayaƙi ya tashi, warin roba ya cika wurin. Na miƙa wa Malam. Ya ɗaga shi ya duba hujin da kyau, ya ce, "Wannan aikin kamfani ne. Nawa idon Allah ne ya yi shi."

Sale ya ce, "Na hagun fa, wa ya yi shi? Kara ma bai bar shi ba."

Na roƙi guntuwar takardar da Malam ke gwada bakin alƙalami a kai, wadda ba komai a jikinta sai zane-zane. Na kara ta a wurin. Tsakiyar wani baƙin layi ya yi ja, ya ɓule. Wannan karon Malam ya karɓi takardar yana jujjuya ta, don takarda abin hannunsa ce. Na ce, "Malam, abin da ke can cikin ido ya fi takardar nan laushi. Kuma ba ya jin zafi balle ya gargaɗe ka. Sai an gama ake sani."

Ya ce, "To sai in zauna kamar kaza a akurki? Abin da na karanta a littafi tun ina yaro ya zo har kan gidana ya wuce ban gaishe shi ba?"

Na ce, "Za ka gan shi, Malam. A ba ni sabon allo."

Kafin ya yi magana allo ya fito daga zaure, sabo, an goge shi da farar ƙasa. Na huda kwali na zura a wuyan bututun don ya yi inuwa, na jingina allon kamu ɗaya daga ƙaramin gilashin, na ɗan jawo siririn fayif ɗin waje. Sai ga rana a kwance a kan allo, fara tas, zagayayya, faɗin masa.

Malam ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai hoto ne."

Na ce, "Watan da ka gani ma haskensa ne ya biyo ta bututun nan. Wancan a idonka ya sauka, wannan a allo. Allo in ya ƙone akwai wani."

Muna cikin haka Sale ya leƙo ta gefe ya ce, "Kai! An fara cin masar!" Gefe ɗaya ya ɗan gutsure. Malam ya gyara tabaransa, ya matso da buzu. Da kansa ya tsoma alƙalami a tawada ya fara bin gefen hasken yana zanawa. Kafin ya rufe zagayen, hasken ya zame gefe. Ya ce, "Haruna, ranar taka ba ta tsayuwa." Na ce Malam Nuhu ya ce mu ne muke juyawa. Ya ce, "Wannan ku ƙarasa da Malam Nuhu. Dawo mini da ita." Haka muka yi ta yi, ina saitawa da inuwa, yana zanawa da sauri, kowane zane cizon ya fi na baya girma. Maƙwabta suka taru a bayansa, kowa ya ba rana baya yana kallon allo. Zafi ya ragu, haske ya zama wani iri kamar an surka shi. A gindin darbejiya, ɗigon hasken da ke ratsa ganye duk ya koma ƙananan jinjirin wata, birjik a ƙasa.

Sai na ji hayaniya a gidan da ke kallonmu. An fito da daro cike da ruwa, mata da yara sun kewaye shi suna kallon rana a ciki. Haka aka gada a ƙauyukanmu, wai ruwa yana sanyaya ta. Ruwa ba ya sanyaya komai, madubi ne kawai. Na tsallaka na gaishe su, na kifar da daron, na nuna musu gindin darbejiya na ce ga nasu can, kyauta, ba ciwo. Ana ta mita ana cewa na zubar da ruwan da aka sha wuyar jawowa, na juyo.

Malam ya ajiye alƙalami. Ya durƙusa, ya cire tabarau, kansa yana tafiya wajen ƙaramin gilashin. Rana ta koma siririya kamar yankan farce, shi a ganinsa ƙarfinta ya ƙare. Ɗan siririn nan kuwa in bututu ya tara shi ya isa. Tsakanina da shi akwai faɗin hanya. Na buɗe baki ke nan na ji ƙarar faifai, fap, a bakin bututu.

Malam ya manna ido, ya ɗan juya siririn fayif ɗin kamar yadda ya ga ina yi.

Sale ya ce, "Ilu, me ka gani?"

Ya ce, "Duhu."

Sale ya ce, "To kalle shi da kyau. Da na bari, shi za ka yi ta kallo har a kai ka makwanci."

Daga zaure Inna Kulu ta ce, "Me ya faru? Haruna, me ya faru?"

Sale ya ce, "Ba komai, Kulu. Mijinki ne ya leƙa ya gaida faifanki."

Mutane suka fashe da dariya. Malam ya ɗago a hankali, ya mayar da tabaransa, ya kalli Sale ya ce, "Mai aska, yau ka yi aikin da ya fi aski." Sale ya ce ai kullum yana yi, ba a lura ne. Daidai nan ladan ya yi kiran a taru don sallar kusufi. Na kwance bututun daga gwafa na saɓa shi a hammata har masallaci, na kwantar da shi a gabana, don ba na barin kayan aiki a buɗe ba mai tsaro. Mafi duhun muna cikin salla ya same mu. Matan da ke gida sun ce kaji sun nufi akurki, wasu har sun ce sun hango tauraruwa Zara da rana tsaka.

Da muka fito haske ya fara dawowa. Malam ya ce a sake kafawa, bai gama ba. Ya juya bayan allon ya ci gaba da zana ta tana cikowa, har ta koma masa guda. Ya busa tawadar, ya ce, "Haruna, rabin nan nawa na bututu na bar maka. Allon kuwa nawa ne duka."

Kafin kaka ta zagayo ya kammala wancan Alƙur'anin, ya ƙara wasu a bayansa. Na yi ta hawar masa da lamba yana tsufa, kullum a kan gwiwa, kullum da jan wasali. Har Allah ya karɓi ransa da idon nan yake karatu. Bayan an yi arba'in Inna Kulu ta aiko mini da allon, ta ce ba a taɓa wanke shi ba kuma kada in wanke. Yana cikin akwatina, da gurbinsa, a ƙarƙashin tsumman auduga.

Yanzu ga roƙona, kai mai karanta wannan, musamman in kana cikin masu faranti. Kusufi zai sake zuwa, rediyo za ta faɗa, kuma ranar za a yi maka layi ana neman baƙin tabarau. Ka kife farantinka. Kada ka sayar da ko ɗaya don kallon rana, ko mutum ya ce biyu zai haɗa, ko ya girmi mahaifinka. Kafin ranar ka zo kasuwar Tsanyawa ka tambayi inda mai bututu yake zama. Ka taho da fayif kamu biyu, zan ba ka gilashi, zan nuna maka saitin inuwa, zan nuna maka allon Malam. Kuma ka taho da mutum ɗaya wanda ba ya jin kunyar kowa, don shi za mu ba faifai.